Ƙurajen Ƙunzugu da Suka Ƙi Warkewa: Abin da ke Cin Fatar Jarirai a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya taɓa zama a benci ranar riga-kafi a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san yadda abin yake. Tun da hantsi mata sun cika rumfa, kowace da goyonta, da katin awo a naɗe cikin leda. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya.

Yawancin alluran jarirai a cinya ake yin su, don haka dole a sassauta ƙunzugu. A nan ne wata uwar kan ɗan yi jim kafin ta ɓalle famfas ɗin. Yaron ya callara ƙara tun allura ba ta taɓa shi ba. Matsematsinsa ya yi jawur, fatar ta saɓe tana ƙyalli, ga wasu ƙananan ƙuraje sun watsu har zuwa mara.

Idan ma'aikaciya ta tambayi tun yaushe, ba kasafai amsar ke zama kwana biyu ko uku ba. Sai ka ji an ce mako uku, ko wata guda, ko kuma yana tafiya yana dawowa tun bayan suna. Idan ta tambayi me aka shafa, sai lissafi ya yi tsawo: hoda, man kaɗanya, wani mai daga kemis, wani da maƙwabciya ta bayar, da jiƙon da kaka ta haɗa.

Ciwon ba ya cikin waɗanda ake shelarsu a rediyo. Amma yana hana jariri barci, ya hana uwa sukuni, ya cinye kuɗin cefane a kemis. Kuma a wasu lokutan shi ne alamar farko ta wata matsala da ta fi shi girma.

Daga tsumma zuwa famfas

Iyayenmu da kakanninmu ba su san famfas ba. Tsohon zane ake yayyagawa a yi wa jariri ƙunzugu, a kuma shimfiɗa wani a ƙarƙashinsa. Da rana ma sau da yawa haka nan ake barinsa a kan tabarma ba komai a gindinsa. Da ya yi fitsari an gani, da ya yi kashi an wanke. Daga baya nafkin na tawul ya shigo, da fil da wandon roba.

Ƙunzugun da ake amfani da shi a yar a Amurka ya yi ƙarfi. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, sunan da ya zama na kowane irin ƙunzugun kanti a bakin mutanenmu. A shekarun 1980 aka fara zuba masa wani sinadari mai shanye ruwa ya mayar da shi kamar kitse, wanda ya sa yake iya riƙe fitsari mai yawa ba tare da ya ɗiga ba.

A da sai gidan ma'aikata da 'yan kasuwa ake ganinsa. Cikin shekaru goma sha da suka wuce ya shiga ko'ina, musamman bayan kamfanin Hayat na Turkiyya ya kafa masana'antar Molfix a Agbara ta Jihar Ogun, farashi ya ɗan sauko. Yau ba kayan suna da za a kai ba famfas a ciki, ko a Bakori ne ko a Ƙafur. Mai tebur a bakin tasha yana sayar da shi ɗai-ɗai, har da marar suna da ake kwancewa daga babban ɗauri.

Sai tattalin arziki ya juya. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira ta faɗi a watan da ya biyo baya. A Disamban 2023 Procter & Gamble ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya, zai koma shigo da su daga waje. A 2024 Kimberly-Clark, mai yin Huggies, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu, wadda bai daɗe da buɗewa ba. Kuɗin famfas ya ninka, wani ma ya wuce ninki.

Mutane ba su koma wa tsumma ba, domin an riga an saba, kuma matashiyar uwa tana jin nauyin a ga ɗanta da tsumma a gidan biki. Abin da aka yi shi ne ja wa famfas rai. Wanda ya kamata a cire bayan awa biyu ko uku, sai ya wuni. Na dare ya kai hantsi. Wata uwar, idan ta ga fitsari ne kawai, sai ta shanya shi ta sake mayarwa.

A ganina a nan matsalar ta fi yin saiwa, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa uwa laifin ƙazanta. Macen da aka miƙa wa famfas biyu aka ce su kai ta gobe, lissafin da ya rage mata ke nan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙunzugu

Fatar jariri ta fi ta babba laushi da rashin kauri. Lafiyayyar fata tana da ɗan maiƙo da ɗan tsami a samanta, su ne garkuwarta. Idan ta daɗe cikin danshi sai ta jiƙe ta yi laushi, gogar ƙunzugu kaɗan ta isa ta kwaile ta.

Fitsari shi kaɗai ba ya yin ɓarna sosai. Haɗuwarsa da kashi ce masifar. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna farfasa wani sinadarin fitsari su fitar da amoniya, wato wannan zarnin mai hawa kai da ake ji idan an buɗe famfas ɗin da ya kwana. Amoniya tana kashe tsamin fata. Da tsamin ya tafi, sinadaran narkar da abinci da suka fito tare da kashi sai su farfaɗo, su shiga narkar da fatar yaron kanta.

Shi ya sa yaro mai gudawa ya fi kowa shan wahala, domin kashinsa ya fi yawan waɗannan sinadarai kuma ya fi yawan zuwa. Shi ya sa kuma ciwon ya fi tsananta daga wajen wata tara zuwa shekara guda, lokacin da aka fara ba yaro kunu da abincin gida, kashinsa ya sauya. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla bai cika kamuwa ba. Likitocin yara sun ƙiyasta cewa aƙalla rabin jarirai sukan yi wannan ƙurajen ko da sau ɗaya ne.

Yanayin yankin nan yana ƙara wa abin ƙarfi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zufa ce ke haɗuwa da fitsari. A damina, kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwa nesa ba kusa ba, cikin Agusta nafkin kan kwana biyu a igiya bai bushe ba, a ɗaura wa yaro da sauran danshi. Da hunturu kuma a naɗe shi cikin kaya bisa kaya, ana jin ƙyashin buɗe shi saboda sanyi.

Ga kuma goyo. Lokacin kaka, sa'ad da mata ke fama da ɓarar masara da sussuka da girkin 'yan aiki, yaro kan yi awanni a baya, ko a bayan uwa ko a bayan yayarsa 'yar shekara takwas mai raino. Zafin baya, matsin majanyi, da jiƙaƙƙen famfas a tsakani.

Dalilin da ya sa yake ƙin tafiya

Ƙurajen ƙunzugu na yau da kullum ba su da taurin kai. Idan aka gyara kulawa, cikin kwana uku sukan fara ja da baya. Alamarsu ita ce sun fi kama wuraren da ƙunzugu ke taɓawa, wato tudun ɗuwawu da saman cinya, su bar cikin lungunan fata lafiya lau.

Idan abin ya wuce kwana uku bai sassauta ba, mafi yawan lokuta wani baƙo ne ya shigo. Sunansa kandida, wani nau'in naman gwari ne da ido ba ya gani, wanda ke zaune a hanjin kowa ba tare da ya yi ɓarna ba. Da ya sami fata mai rauni, ga ɗumi ga danshi, sai ya yaɗu.

Ana iya gane shi. Shi lungu yake so: matsematsi, ƙarƙashin maraina, tsakanin ɗuwawu. Jansa ya fi tsananin ja, yana da iyaka a fili, sannan a gefensa akwai 'yan ƙananan ƙuraje da suka ware daban. Sau da yawa idan aka buɗe bakin yaron za a ga farin abu a harshe da cikin kumatu, wanda ba ya gogewa kamar guntun nono. Wani lokaci uwar ma kan ji kan nononta yana zafi da tsagewa. In ba a yi maganin baki da nono tare da na gindi ba, ciwon zai yi ta zagayowa.

A fata mai duhu jan ba ya fitowa kamar yadda hotunan littattafan likitanci ke nunawa. Yakan zama ja mai duhu, ko shunayya-shunayya, ko wurin ya yi ƙyalli kawai. Saboda haka ake makara wajen lura, sai fata ta fara saɓewa.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke buɗe wa kandida ƙofa shi ne maganin antibayotik. Yaro ya ɗan yi tari ko zawo, a saya masa sirof a kemis ba tare da an auna shi ba. Maganin ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani waɗanda ke danne kandida, kuma shi kansa yakan jawo gudawa. Bayan mako guda gindi ya kama wuta, a koma kemis a sake sayen wani antibayotik ɗin saboda ƙurajen.

Man da ke warkarwa da daddare

A ƙauyukan yankin, kemis ya fi asibiti kusa, ya fi shi saurin sallama, kuma mai kemis ɗan gari ne da zai iya ba da bashi. Masu wannan sana'a suna cewa, kuma da gaskiyarsu, ba don su ba da mutane da yawa ba su ga ko farasitamol ba. Suna kuma cewa uwa ba ta zuwa neman shawara, takan zo ne da sunan man da take so a bakinta, in ka hana ta, ta tsallaka shago na gaba.

Man da aka fi nema shi ne mai haɗi uku, irin su Funbact-A da Skineal. Kowanne yana ɗauke da maganin naman gwari, da maganin ƙwayoyin cuta, da kuma sitiroyid. A na farko sitiroyid ɗin shi ne betamethasone, a na biyu clobetasol. Duka biyun masu ƙarfi ne, clobetasol ma yana sahun mafi ƙarfi da ake da su. An yi su ne don wasu cututtukan fata na manya, na ɗan lokaci, bisa umarnin likita.

Abin da ya sa iyaye suka yarda da su a bayyane yake. A shafa da daddare, da safe ja ya ragu, yaro ya yi barci. Sitiroyid yana kwantar da kumburi da raɗaɗi cikin sauri. Sai dai yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar fata a wurin. Da an daina shafawa, ƙurajen su dawo fiye da da. A sake saya. Daga nan man ya zama na kullum, wasu har sukan juye shi cikin man kaɗanya su riƙa shafe yaro da shi daga kai har ƙafa bayan wanka, don a ce fatarsa ta yi haske ta yi sumul.

Babu inda ya fi gindin jariri haɗari ga irin wannan mai. Fatar wurin siririya ce, ga ta a kwaile, sannan an rufe ta da ƙunzugu mai roba wanda ke tura maganin ciki. Jikin jariri kuma ƙarami ne, abin da ya shiga jininsa kaɗan ya isa ya yi aiki.

Na farko fatar ce ke sirancewa, ta yi fari, jijiyoyi su bayyana, wani lokaci ta yi nanƙarwa. Idan aka ɗauki makonni ko watanni, maganin kan taru a jiki ya haifar da abin da likitoci ke kira ciwon Kushin. Fuskar yaro ta cika ta yi zagaye, kumatu su yi ɓul-ɓul, jiki ya yi nauyi, gashi ya tsiro a goshi da baya, amma tsawo ya tsaya. Garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙaramar cuta ta kwantar da shi. Mujallun likitanci sun kawo rahoton jarirai da dama da suka shiga wannan hali daga shafa irin wannan mai a wurin ƙunzugu kawai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda alamar haɗarin ta yi kama da abin da muke yabo. A gidajenmu yaro mai kumatu shi ne lafiyayye, shi ake ɗauka ana cewa tubarkalla. Uwa tana iya kallon illar magani a fuskar ɗanta tana murna. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani. Yaron da aka daɗe ana shafa masa irin wannan mai ba a yanke masa shi rana ɗaya a gida. Jikinsa yana iya kasancewa ya rage samar da nasa sinadarin na halitta, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin galabaita. A kai shi asibiti tare da kwalayen duk abin da aka shafa, likita ya tsara yadda za a janye.

Likitocin fata da na yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi kan wannan. NAFDAC ce ke rajistar magunguna, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa kuma ita ke ba masu kemis lasisi da iyakance abin da za su sayar. Doka tana nan a takarda. Amma har yanzu yarinya 'yar aike tana iya sayo clobetasol kamar yadda take sayo ashana.

Abin da kaka ta sani

Tsofaffin mata suna da nasu hukuncin, kuma ba sa ɓoye shi: famfas ne ya kawo wannan ciwo, su da suka yi goyo goma ba su san shi haka ba. Ma'aikatan lafiya kan amsa cewa famfas mai kyau, idan ana sauya shi a kan kari, ya fi tsumma tsare fata daga danshi, kuma bincike ya goyi bayansu. Amma sharaɗin shi ne a kan kari. Inda ba a iya cika wannan sharaɗin, kaka ce ke da gaskiya. Barin gindin yaro ya sha iska, wanda ita ta ɗauka ba komai ba ne, shi ne abu na farko da likitan yara zai ce a yi.

Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba, shi ma ba laifi. Yana rufe fata ya rage gogayya. Abin da ba ya yi shi ne kashe kandida.

Inda hanya ta rabu shi ne wajen abubuwa masu zafi. Idan duburar yaro ta yi ja, sau da yawa a gida akan ce ɗankanoma ne, ko a ɗora wa haƙori, a shiga gasa wurin da ruwan zafi, ko a zaunar da shi cikin jiƙon bagaruwa ko ganyen darbejiya. Bagaruwa ita ce majema ke jeme fata da ita. A kan fatar jariri da ta riga ta buɗe, ƙarin raɗaɗi da bushewa take jawowa. Haka man zafi, haka zuba Dettol a ruwan wanka, haka sabulun magani mai ƙarfi. Shuɗin maganin nan na kwalba da ake shafa wa gyambo ma yana iya ƙona fata mai laushi, kuma yana rufe launin ƙurajen har ma'aikacin lafiya ya kasa gane irinsu.

Hoda kuwa, da ta haɗu da danshi sai ta cure a lungu ta riƙa gogar fata, ƙurarta kuma tana shiga huhun jariri. Kamfanin Johnson & Johnson da kansa ya daina sayar da hodar jarirai mai sinadarin talk a duniya baki ɗaya a 2023.

Maganin da ke aiki

Ba shi da tsada, naci yake so. A sauya ƙunzugu da zarar yaro ya yi kashi, ko da tsakar dare ne, fitsari kuma kada ya wuce awa biyu zuwa uku. A wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, a zuba a hankali ba tare da dirzawa ba. Ƙyallen goge jarirai mai ƙamshi da ake sayarwa a leda a ajiye shi sai wurin ya warke. A tsane da tsumma mai laushi ta hanyar dannawa, a bar sauran ya bushe da iska.

Sannan a bar yaron tsirara a kan zane mai tsabta, sau da yawa a rana, gwargwadon yadda hali ya bayar. Gidan da ba zai iya sayen famfas shida ko takwas a rana ba, ya fi masa alheri ya yi amfani da tsumman auduga da rana, ya ajiye famfas don dare da tafiya. Wannan ƙasar auduga ce, masaƙar Funtuwa tana nan tun ƙarshen shekarun 1970. Ba abin kunya ba ne ɗan Funtuwa ya sa auduga.

Tsumman yana da nasa sharaɗi. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, domin ragowar omo ma tana cin fata. A shanya a rana ya bushe ƙarau. Kada a rufe shi da leda ko matsattsen wandon roba. Wannan yana cin ruwa, kuma a unguwannin da ake sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, ruwan ɗauraya kuɗi ne. Maigidan da ya ƙara jarka guda saboda wankin jariri ya sayi magani mafi araha.

Bayan an bushe, a shafa mai mai kare fata: basilin fari marar ƙamshi, ko man da ke ɗauke da zinc oxide. A shafa da kauri, kamar yadda ake yaɓe katanga kafin damina, don kada fitsari da kashi su taɓa fatar. Wajen sauyi na gaba ba sai an kankare shi duka ba, a cire wanda ya ɓaci a ƙara sabo.

Idan alamun kandida sun bayyana, mai kare fata kaɗai ba zai isa ba. Ana buƙatar maganin naman gwari shi kaɗai, ba mai haɗi ba: nystatin, ko clotrimazole, ko miconazole. Ana shafa shi sau biyu ko uku a rana, a ƙarƙashin basilin, yawanci mako guda zuwa biyu, kuma a ci gaba 'yan kwanaki bayan wurin ya yi kyau. Yawancin masu cewa maganin bai yi ba, a kwana na uku suka tsaya. A karanta jikin kwali, ko a ba wanda ya iya ya karanta. In an ga betamethasone ko clobetasol, a mayar.

Wani lokaci likita kan rubuta hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, sitiroyid mafi sauƙi, na 'yan kwanaki kaɗan idan kumburin ya yi tsanani. Wannan hukuncin likita ne bayan ya ga yaron da idonsa.

Idan gindi yana ba da labarin ciki

Yankin Funtuwa rumbun abinci ne. Daga kasuwar Ɗandume manyan motoci ke lodin masara zuwa sassan ƙasar nan, Ɗanja ta yi suna da tumatir. Duk da haka akwai tamowa a cikin gidaje. Yaron da aka yaye a kan kokon masara zalla cikinsa kan cika, amma jikinsa ba ya samun abin gina jiki da sinadarin zinc, waɗanda fata ke buƙata don ta gyara kanta.

Ƙarancin zinc yana fitowa da ƙuraje masu taurin kai a gindi da kewayen baki da yatsu, tare da zawo da zubewar gashi. Tamowa mai kumburi kuwa tana sa fata ta yi duhu ta riƙa ɓarewa, sau da yawa daga wurin ƙunzugu take farawa. Irin wannan babu man da zai warkar da shi. Abinci ne da magani a asibiti. Waken suya da gyaɗa da wake da ake nomawa a gonakin nan, idan aka sarrafa su cikin kunun yaro daga wata shida, tare da ƙwai ko kifi in an samu, suna toshe wannan giɓi.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara sama da 600 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Cibiyoyin sun fi yawa a arewacin jihar, amma kudanci yana da nasa ƙarin nauyin. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun raba iyalai da gonakinsu, da yawa sun dawo cikin gari suna raɓe wurin dangi ko a kangaye. Uwar da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum goma, ba ruwa ba igiyar shanya, shawarar a sauya ƙunzugu duk awa uku tana mata nisa.

Zawo shi ne mahaɗin duka. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ga duk yaro mai gudawa. A Agustan 2022 Najeriya ta sa riga-kafin rota, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen jawo wa jarirai mummunan zawo, cikin riga-kafin yau da kullum, kuma kyauta ne. Duk abin da ya rage zawo ya rage ƙurajen gindi.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi. Ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko ɓawo mai ruwan zuma. Gyambo mai zurfi ko zubar jini. Ƙurajen da suka tsallake wurin ƙunzugu suka hau ciki da baya. Yaron da ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko yake ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura. Jaririn da bai cika wata biyu ba kuwa, duk abin da ya yi kama da waɗannan gaggawa ne.

Haka nan idan an bi duk matakan da suka dace har mako guda ba canji. Wataƙila ba ƙurajen ƙunzugu ba ne tun farko. Ƙazuwa kan ɓuya a wurin, kuma ita sai an yi wa gida duka magani. Akwai amosanin jarirai da ke kama kai da hammata da matsematsi lokaci guda. Kandida mai yawan dawowa baki da gindi, tare da rashin girma, tana iya zama dalilin da likita zai nemi a gwada uwa da ɗa don duba garkuwar jiki. Ba abin jin haushi ba ne idan ya nema.

Matakin farko shi ne asibitin mazaɓa. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, kuma manufar gwamnati ita ce kowace ta sami cibiyar lafiya mai aiki. Daga nan sai Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. Abin da ya gagara, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Zariya, akwai likitocin yara da na fata. Malumfashi kuma ita ce mazaunin makarantar ungozoma ta jihar. Da kowace ɗaliba za ta fita da al'adar buɗe ƙunzugu a duk ranar awo, ta tambayi abin da ake shafawa, ta karanta kwalin a gaban uwa, da an tare yara da yawa kafin kumatunsu su fara cika.

Saura abu ɗaya da ke mayar da iyaye kemis bayan an riga an ci nasara. Idan ƙurajen suka warke a fata mai duhu, wurin yakan bar farin tabo, wani lokaci mai faɗi. Uwa ta tsorata, maƙwabta su ce ƙyasfi ne ko wani abu da ya fi shi muni, a sake sayo mai haɗi uku, wanda shi kansa ƙara farar da fata yake yi. Wannan tabon ba ciwo ba ne. Launin yana dawowa da kansa cikin makonni, wani lokaci 'yan watanni. Muddin wurin sumul yake, ba ja ba ƙaiƙayi ba saɓa, basilin da sauya ƙunzugu a kan kari sun wadatar.